Goggonnina biyu sun yi kansa, ni ma zan gada ne? Amsa ga wata ƙanwata daga Tudun Wada

Wa alaikumus salam ƙanwata. Saƙonki sai da na karanta shi sau biyu kafin na fara rubutu, bari in ɗan maimaita abin da kika ce dan masu irin damuwarki su gane inda muka dosa. Kin ce shekaranki 27, babbar goggonki ta rasu da kansar mama tana da shekara 41, ƙaramar kuma yanzu haka tana karɓar kemo, wato maganin kansa da ake sawa ta jijiya, a asibitin Shika saboda kansar ma'ajiyar ƙwai, kakarki ta wajen uba ita ma ciki ne ya kumbura mata har Allah ya yi mata rasuwa ba a san takamaimai mene ne ba. Mama ta ce ki kwantar da hankalinki ai ba a gadon ciwon nono ta wajen uba, kuma kin yi jinotayif kin fito AA. Sannan wanda za ki aura ɗan goggon da ta rasu ne. Kina so ki sani ko akwai gwaji, ina ake yi, kuma ki faɗa mishi ko ki ja bakinki ki yi shiru.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba Goggo lafiya mai ɗorewa. Toh ni dai aikina kenan duba masu ciwon daji, kuma gaskiya zan faɗa miki, labarin gidanku irin wanda in na ji shi a ofis nake aje biro in gyara zama ne. Ban ce kin gada ba, amma ya kai a bincika.

Maganar AA ɗin nan mu fara cire ta a hanya. Gwajin da kuka yi na kafin aure sikila kawai yake dubawa, ba ruwansa da kansa ko kaɗan, mutum zai iya zama AA garau kuma yana ɗauke da abin da muke magana a kai. Ita kuma maganar Mama, da girmamawa nake faɗa, ba haka ba ne, kuma ba ita kaɗai ke da wannan fahimtar ba, har cikin ma'aikatan lafiya na sha jin ana tambayar mace "mamanki ta taɓa yi?" in ta ce a'a shikenan a wuce, ba a tambayi dangin uba ba. Namiji yana ɗaukar abin ya rayu da shi har tsufa lafiya lau bai sani ba, ya miƙa ma 'yarsa.

Ga yadda abin yake. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai saƙon gado da muka samo rabi daga uwa rabi daga uba. A ciki akwai wasu guda biyu da ake kira BRCA1 da BRCA2, kowa na da su, ni da ke da Baba duka, kuma aikinsu gyara ne. Kin san gidajen ƙasa na cikin birni, duk damina sai ruwa ya ci katanga, in akwai mai yaɓe yana bi yana toshe tsaga gida sai ya shekara ɗari a tsaye. To kowace ƙwaya tana da masu yaɓe biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wanda ya gaji matsalar an haife shi ne da mai yaɓe ɗaya tal a kowace ƙwaya, ɗayan ya isa ya riƙe gidan shekara da shekaru, amma ranar da a wata ƙwaya guda ta nono ko ta ma'ajiyar ƙwai shi ma ya samu matsala, babu na biyun da zai karɓe shi, tsaga sai ta yi ta ƙaruwa har ƙwayar ta rikiɗe ta zama kansa. Shi ya sa masu gadon nan ciwon kan same su da ƙuruciya, kuma shi ya sa ba kowa ne ya gada yake kamuwa ba. Abin da ake gada haɗarin ne, ciwon kansa ba a haihuwar mutum da shi.

Wata masaniya Ba'amurkiya, Mary-Claire King, ita ta fara nuna inda BRCA1 yake a 1990, aka kammala gano shi a 1994, BRCA2 kuma a 1995. Wani babban bincike da aka fitar a 2017 ya nuna cewa cikin mata 100 masu ɗauke da matsalar BRCA1, kusan 72 za su yi kansar mama kafin su kai shekara 80, kusan 44 kuma ta ma'ajiyar ƙwai. Na BRCA2 kuwa 69 ne da 17. Ki kwatanta da sauran mata, inda ta ma'ajiyar ƙwai ba ta wuce 1 ko 2 cikin 100. Yawancin matan da aka yi binciken a kansu fararen fata ne, amma mu ma muna da namu. Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago da abokan aikinta na Ibadan sun gwada mata 1,136 'yan Najeriya masu kansar mama, aka buga sakamakon a 2018, sun samu kusan kashi 15 cikin 100 na ɗauke da matsalar gado, 7 a BRCA1, 4 a BRCA2, sauran a wasu kaman PALB2 da TP53. A duniya ana cewa kashi 5 zuwa 10 ne na kansar mama ke zuwa ta gado, kinga namu ya ɗara. Ki kuma juya lissafin ki gani, mafi yawan masu ciwon ba gadonsa suka yi ba.

Yanzu ke ina kika tsaya? In har an tabbatar Goggo tana ɗauke da shi, Baba yana tsakanin ya gada ko bai gada ba, rabi da rabi. In ya gada, ke ma rabi da rabi ne. Wato a yau ɗin nan, ko da a ce Goggo na da shi, damar a ce kin ɗauka ɗaya ce cikin huɗu, uku cikin huɗu kin tsira. In Baba bai gada ba to zance ya ƙare a kansa, ba ya tsallake uba ya faɗo kan jika.

Abin da nake so ki riƙe fiye da komai a wannan doguwar amsar shi ne, ba ke ya kamata a fara gwadawa ba, Goggo ce. Mutane da yawa suna zuwa min da kuɗinsu a hannu su ce likita ni dai a gwada ni in huta, sai in ce musu a'a mu nemo mara lafiyan tukuna. Dalili, in aka gwada ki aka ce ba a ga komai ba alhali ba mu san abin da ke yawo a gidan ba, wannan sakamakon bai wanke ki ba, ƙila matsalar tana wani wurin da gwajin bai leƙa ba, ƙila ma wadda ilimi bai kai ga ganowa ba ce. Amma in aka gwada Goggo aka ce ga shi nan, BRCA1 ne, ga daidai gurbin da ya lalace, to sauran dangi wannan gurbin kaɗai za a duba musu, ya fi araha, kuma wanda aka ce ba shi da shi to da gaske ba shi da shi, haɗarinsa ya koma daidai da na kowa a gari. Kuma ita kanta Goggo za ta amfana, dan ƙa'idar masana yanzu ita ce duk macen da ta yi irin wannan kansar ta ma'ajiyar ƙwai a yi mata tayin gwajin ko shekarunta nawa, saboda kansar da ta taso ta BRCA ta fi jin magunguna irin su carboplatin, kuma akwai ƙwaya mai suna olaparib da aka yi musamman dan irinta, duk da tana da tsada sosai. Zan faɗi wani abu mai nauyi, ki yi haƙuri. Babbar goggo ta tafi da nata bayanin, kaka ma haka. Wadda ke raye ita ce ke riƙe da amsar zuri'a guda, kuma ciwon da take fama da shi ba na jan lokaci ba ne, kar a bari sai an ce da mun sani.

Kafin ma a zo maganar jini da kuɗi akwai gwajin da ba a biyan ko sisi, kuma wallahi sau da yawa ya fi gaya min abu. Ki samu takarda ki zauna da tsofaffin gidanku, ki rubuta kowa tun daga kakanni, 'yan'uwan Baba maza da mata, 'ya'yansu, ki yi na ɓangaren Mama daban. Wa ya yi ciwo, a wace gaɓa, yana da shekara nawa ya fara, an yi aiki ko ba a yi ba, nono ɗaya ne ko duka biyu. Ba za su ce miki kansa ba, za ki ji "daji ne ya ci ta", "ciwon ciki ne", "jifa aka yi mata", "miki ne ya ƙi warkewa bayan yaye", ke dai ki rubuta yadda aka faɗa, ki tambayi shekaru, in ba a sani ba ki tambaya da wa take goyo a lokacin, daga nan za ki ƙirga. In akwai tsohon katin asibiti ko takardar sakamakon naman da aka yanka aka kai lab, ki ɗauki hotonsu a waya.

Ba na manta wata mata da aka kawo min, ba ta fi 36 ba, ta lulluɓe da mayafi biyu cikin zafin watan Afrilu, da ta buɗe sai ga nono ya fashe an shafe shi da baƙin magani an ɗaure da tsumman atamfa, wata takwas tana ɓoyewa. Ina tambayar tarihi ta ce babu kowa a danginsu. Sai innarta da ta rako ta, tana zaune a bakin ƙofa da carbi, ta ce a hankali "haka na yayarta ya yi, haka na uwarsu." Ita mara lafiyan ba ta taɓa sani ba, an ce mata uwarta ciwon ajali ne kawai. Na juya na kalle ta, hawaye kawai take yi. Da an gaya mata tun tana 25, da ƙullutun nan tun yana kaman ƙwayar gyaɗa za ta kawo shi. Kunya da kawaici halinmu ne mai kyau, amma a wannan wurin suna kashe mana mata, ni na gani da idona ba sau ɗaya ba.

Sai dai kuma ba duk ciwon da ya bi gida ne na gado ba. Gidan da maza uku suka mutu da kansar hanta, yawanci ciwon hanta nau'in B ne da aka ɗauka daga uwa wajen haihuwa ko tun ana yara, gwajinsa mai sauƙi ne kuma akwai rigakafi. Kansar bakin mahaifa ƙwayar cutar HPV ce ke kawo ta, tun watan Oktoba 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta. Akwai kuma wani gadon daban da ake kira Lynch, shi babban hanji da mahaifa ya fi kamawa, har ma'ajiyar ƙwai ma, shi ya sa in kin ji wani a dangi ya yi ta kashin jini yana ramewa da ƙuruciya ki rubuta shi ma.

Shi gwajin gadon nan ba wani abin tsoro ba ne, jini ne ɗan kaɗan ko yawu. Yawanci daga nan ana tura samfurin waje ne ta hannun manyan lab masu zaman kansu, a jira makonni, kuɗin kuma dubu ɗaruruwa ne, ba zan ɓoye miki ba. Hanyar da ta dace ita ce ta likitan Goggo a sashen masu ciwon daji na Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, shi zai rubuta wanda ya kamata, kuma a nemi wanda ke karanta BRCA1 da BRCA2 daga farko har ƙarshe tare da sauran 'yan'uwansu a lokaci ɗaya. Dan Allah ki guji irin na tallan intanet masu cewa ka tofa yawu a gaya maka asalin kakanninka da cututtukanka, wasunsu 'yan gurabe kaɗan suke dubawa, musamman waɗanda suka yi yawa cikin Yahudawan Ashkenazi, inda kusan mutum 1 cikin 40 ke ɗauke da su. Bahaushiya za ta iya fitowa "lafiya" a wannan alhali nata yana wani gurbi can daban.

Sakamako iri uku ne. An ga matsala, ba a gani ba, ko kuma na ukun mai rikitarwa, a ce an ga wani canji amma ba a san ko yana da illa ba. Wannan na ukun ya fi fitowa a wajenmu 'yan Afirka saboda ba a tara bayanan jininmu da yawa ba kaman na Turawa, kuma akasarinsu daga baya sai a gane ba komai ba ne. Duk wanda ya ce a yi miki tiyata a kan irin wannan sakamakon, ki nemi ra'ayin wani likitan.

To a ce an bi duk matakan nan kin fito kina ɗauke da shi, sai me? Sai a fara sa ido da wuri. Ki san nononki, kowane wata bayan al'ada ki duba har hammata. Daga shekara 25 likita ya riƙa duba ki duk wata 6 zuwa 12, hoton MRI na nono duk shekara, daga 30 a haɗa da mamogiram, wato hoton X-ray na nono. Na san MRI a nan ba kullum ake samu ba kuma aljihu na jin jiki, to abin da ya samu a yi shi a kan lokaci, sikanin da hannun ƙwararre da mamogiram sun fi zaman jira nesa ba kusa ba. Akwai masu shan wata ƙwaya mai suna tamoxifen dan rage haɗari. Akwai masu zaɓar a cire nonon gaba ɗaya tun ba ciwo, hakan na rage haɗarin da kashi 90 ko fiye, shi ne abin da 'yar fim ɗin Amurka Angelina Jolie ta yi a 2013, amma ba dole ba ne, kuma ba shi nake fara kawo wa mace ba. Inda na fi nauyaya murya shi ne ma'ajiyar ƙwai, dan ita har yau babu wani hoto ko gwajin jini da ke kama kansarta da wuri yadda za a dogara da shi, shiru take yi sai ciki ya cika da ruwa, kaman yadda ake ba da labarin kakarki. Shi ya sa ake ba da shawarar cire ta tare da bututunta bayan an gama haihuwa, tsakanin 35 da 40 ga mai BRCA1, 40 zuwa 45 ga mai BRCA2. Na san me wannan ke nufi a wajen macen da ƙawayenta ke haihuwa har 42, ga kishiya, ga surutun dangin miji, ga al'ada da za ta ɗauke da wuri. Ba ƙaramar magana ba ce, amma ke kina 27, kina da shekaru masu yawa na haihuwa da shayarwa a gabanki, kuma shayarwar ma tana rage haɗarin.

Maganar aure kuwa, ki faɗa mishi. Mahaifiyarsa ce fa ta rasu tana 41, in gadon nan gaskiya ne shi ya fi ki kusa da shi, nashi rabi da rabi ne. Maza ma ba su tsira ba, mai BRCA2 haɗarin kansar nono a wajensa na iya kaiwa 7 cikin 100, ga kansar furostet, wata gaɓa ta maza a ƙarƙashin mafitsara, da kan zo da wuri kuma da zafi, shi ya sa Baba ma ya kamata ya je a duba shi. Wannan ba irin AS da AS ba ne da za a ce lallai a fasa, dan a nan ko bare kika aura, in kina da shi kowane ɗa rabi da rabi ne. Inda zumunci ya shigo shi ne in ku biyun duka kuna ɗauke da shi, musamman BRCA2, to kowane ciki akwai ɗaya cikin huɗu yaro ya haɗa biyun, hakan na kawo wani mugun ciwon ɓargo da ake kira Fanconi tun yana ƙarami. Ba kasafai ake gani ba, amma ku naku yanayin ya isa a ce ku sani kafin a sa rana. Kuma ku riƙe maganar tsakaninku da iyaye da likita, ba sai ta zaga unguwa ba, na san yadda ake laƙa wa gida suna a hana 'yan matansa aure. Ƙannenki da ba su kai 18 ba a ƙyale su, ba a gwada yara a kan wannan, in sun girma su zaɓa da kansu.

Za ki ji masu cewa wannan tonon ƙaddara ne. Ni abin da nake tuna musu shi ne lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke ya juya da jama'a, aka ce mishi gudun ƙaddarar Allah kake yi, ya ce eh, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Amma kuma in bayan kin ji duk wannan zuciyarki ta ce ba ki shirya sani ba tukuna, haƙƙinki ne, sai a riƙa duba ki kaman wadda ke da haɗarin har ranar da kika shirya.

Ranar da Goggo za ta koma kemo na gaba ki nemi ke za ki raka ta Shika. Kar ki tayar da maganar tana kwance ana mata ƙarin ruwa tana jin tashin zuciya, ki bari sai kwana huɗu ko biyar bayan nan ta fara cin abinci, ki ce mata Goggo akwai gwajin da zai iya taimaka wa maganinki, kuma zai taimaki 'ya'yanki da mu, in kin yarda. In ta ce a'a kar ki matsa, ki sake komawa wani lokacin, in ta ƙi gaba ɗaya sai a duba yiwuwar fara gwada Baba ko ke. Takardar dangin nan kuma ki riƙe ta a jaka ki nuna wa likitanta tun a wannan zuwan. In kuma kafin nan kika ji wani ƙullutu a nono ko hammata, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, kar ki jira sakamakon kowa, washegari da safe ki je ki yanki kati.